Yadda Ake Karanta Farashin Lobsta a Maine da Gabashin Kanada

A shekarar 2021 masuntan jihar Maine ta Amurka sun sayar da laba ɗaya ta lobsta a bakin ruwa kan dala 6.71, in aka ɗauki matsakaicin shekarar. Da shekara ta zagayo, farashin ya koma dala 3.97. Tekun ita ce dai, jiragen su ne, tarkunan ma ba su canja ba, amma kuɗin da ya shiga hannun masunta ya ragu da kusan rabi. Wanda ya kalli wannan daga nesa zai ɗauka kasuwar ba ta da ƙa'ida. Tana da ita, kuma ana iya koyonta.

Lobsta dabbar teku ce mai ɓawo, dangin jatan lande da ƙaguwa, tana da manyan hannaye biyu masu danƙa, kuma namanta yana cikin wutsiya da hannayen nan. Irin da ake kamawa a arewa maso yammacin tekun Atlantika, daga Maine zuwa lardunan Nova Scotia da New Brunswick da tsibirin Prince Edward, shi ne ya fi shiga kasuwar duniya. Da laba ake auna ta, laba ɗaya kuwa giram 454 ce. Abu guda da ya kamata mai shiga wannan harka ya riƙe shi ne, lobsta in ta mutu namanta yana lalacewa cikin sa'o'i kaɗan, don haka da ranta ake cinikinta. Abin da mai saye yake biya shi ne tsawon lokacin da za ta iya ɗauka a raye bayan ta bar teku. Mai jure tafiyar kwana biyu za ta kai Shanghai ko Paris. Wadda ba za ta kwana ba, sai a sayar da ita a garin da aka kama ta ko a miƙa ta masana'antar sarrafa namanta a kan farashin da masana'antar ta yanka. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na gane wace ce a hannunka.

Mataki na ɗaya: fara da sanin lokacin saɓa

Ɓawon lobsta ba ya girma tare da jikinta. Idan jiki ya cika shi, sai ta tsaga shi ta fice ta bar shi, wato ta yi saɓa. Ƙanana suna yi sau da yawa a shekara, ta yadda kafin ta kai girman da doka ta yarda a kama, wajen shekara 5 zuwa 7, ta yi saɓa sau 20 ko fiye. Manya kan yi sau ɗaya a shekara, manyan mata kuma sau ɗaya a shekara biyu. Da ta fito daga tsohon ɓawo sai ta zuƙi ruwan teku ta kumbura, domin sabon ɓawon ya yi tauri da sauran fili a ciki. Wannan filin ruwa ne zalla, kuma sai an ɗauki watanni kafin nama ya maye gurbinsa.

Bayan saɓa takan ɓuya cikin duwatsu na ɗan lokaci, sannan ta fito da yunwa mai tsanani, ta faɗa duk tarkon da ta ji ƙanshin koto a ciki. Nan ne tushen dukan al'amarin. Lokacin da aka fi kama lobsta da yawa shi ne lokacin da ta fi rauni da ƙarancin nama. Yawan kaya da faɗuwar inganci suna zuwa tare, kowanne yana jan farashi ƙasa.

Ɗumin ruwa ne ke tayar da saɓa. A gaɓar Maine takan fara daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ta soma daga kudu da wuraren da ruwa ba shi da zurfi, ta gangara gabas. Akwai wata ƙarama da ke biyo baya wajen Satumba da Oktoba. Saboda haka aikinka na farko, tun daga watan Afrilu, shi ne bin ma'aunin zafin ruwan teku. In ruwa ya yi ɗumi da wuri, saɓa za ta zo da wuri.

Shekarar 2012 ita ce darasin da kowa a harkar yake tunawa. Ruwa ya ɗumama fiye da yadda aka saba, saɓa ta riga lokacinta da makonni, kayan Maine masu taushin ɓawo suka malalo kasuwa alhali masana'antun Kanada ba su gama da kamun nasu masuntan ba. Babu wurin kai su. A wasu tashoshi farashi ya sauka zuwa wajen dala 2, wasu masunta suka ɗaure jiragensu suka zauna a gida. A watan Agusta masuntan New Brunswick suka tare ƙofofin masana'antu don hana manyan motocin da ke ɗauko kayan Maine masu araha sauke kaya, har sai da kotu ta shiga tsakani. Matsakaicin farashin Maine na shekarar ya tsaya a dala 2.69.

Mataki na biyu: ajiye kalandar ƙasashen biyu gefe da gefe

Ba a fahimtar farashin Maine ba tare da kallon Kanada ba, haka ma na Kanada, domin kasuwa ɗaya ce da iyaka ta ratsa. Abin da ya bambanta su shi ne tsarin lokacin kamu.

A Maine ana kamu duk shekara. Dokarsu ta fi tsayawa a kan girma da yawan tarko: tsawon ɓawon baya kada ya gaza inci 3 da kwata, kada ya wuce inci 5, mace mai ƙwai a tsaga mata alama a wutsiya a mayar da ita ruwa, kuma a yawancin shiyyoyinsu bakwai mutum ba ya wuce tarko 800. Tun da ƙofa a buɗe take, mafi yawan kamu yana faɗawa tsakanin Yuli da Nuwamba, daidai lokacin sabon ɓawo. Kanada kuwa ta yanka gaɓarta yanki-yanki, kowane da ranar buɗewa da ranar rufewa, kuma an tsara yawancinsu su kauce wa watannin saɓa. Yankuna na 33 da 34 a kudu maso yammacin Nova Scotia, waɗanda suka fi kowane kawo kaya, suna buɗewa ranar Litinin ta ƙarshe a Nuwamba, in iska ba ta sa an ɗage ba, su rufe ranar 31 ga Mayu. Mafi yawan tsibirin Prince Edward da tsibiran Magdalen da gaɓar Gaspé suna kamu daga wajen farkon Mayu zuwa ƙarshen Yuni ko farkon Yuli. Akwai kuma yanki na 25, tsakanin New Brunswick da Prince Edward, mai kamu daga Agusta zuwa Oktoba.

In ka jera waɗannan, shekarar farashi takan tafi kamar haka. A Disamba kaya suna da yawa, domin makonnin farko bayan buɗewar Nova Scotia su ne mafi albarka, amma buƙata ma tana da ƙarfi saboda Kirsimeti da sabuwar shekara a Turai, musamman Faransa, don haka farashi yakan tsaya da ƙafarsa. Daga Janairu ruwa yana ƙara sanyi, lobsta ta daina yawo, ta rage cin koto, guguwa kuma ta hana jirage fita kwanaki a jere. Kaya su yi ƙaranci daidai lokacin da Sin take neman su don bikin sabuwar shekararta, wanda ke faɗowa a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu. Zuwa Maris da farkon Afrilu abin da aka ajiye tun Disamba ya kusa ƙarewa, kuma a nan ne farashi yake kai ƙololuwarsa. A wasu shekarun baya-bayan nan ya haura dalar Kanada 15 a bakin ruwan Nova Scotia. Da Mayu ya kama, ruwa ya fara ɗumi, yankuna da yawa suka buɗe a lokaci guda, sai ya faɗo cikin mako ɗaya ko biyu. Yakan ɗan ɗaga a ƙarshen Yuni, cikin ɗan tsakanin nan da Kanada ta rufe kuma saɓar Maine ba ta kankama ba, wanda ya zo daidai da hutun 4 ga Yuli na Amurka. Sannan sabon ɓawo ya shigo, farashi ya kwanta har zuwa Satumba, ya rika murmurewa a hankali yayin da ɓawo ke ƙara tauri zuwa Oktoba da Nuwamba.

Mutanen tsibirin Monhegan, can nesa da gaɓar Maine, sun daɗe da fahimtar wannan zagaye. Su suka nema wa kansu dokar rufe ruwansu a watannin zafi, suna kamu daga kaka zuwa farkon Yuni, lokacin da ɓawo ke da tauri kuma kaya ke da daraja. A ganina wannan shi ne mafi hankalin tsari da ƙaramar al'umma za ta iya yi wa kanta, ko da yake kamun cikin sanyi yana da haɗari da wahalar da ba kowa zai ɗauka ba.

Mataki na uku: duba kaya da hannunka

Kalanda tana faɗa maka abin da za ka sa rai da shi. Abin da ke cikin akwatin da ke gabanka kuwa sai ka taɓa. Ko a farkon Disamba a Nova Scotia, inda aka san kaya da kyau, masu saye sun sha kokawa cewa wani kaso na kamun bai gama cika ba. Kada sunan yanki ya ɗauke maka nauyin dubawa.

Ɗauki lobsta ta baya, ka matsa gefen ɓawon jikinta da babban yatsa da manuni, can kusa da inda hannaye suka fito. Mai tauri ba ta motsawa ko kaɗan. Mai matsakaicin tauri takan ɗan lotsa ta dawo. Sabuwar saɓa kuwa za ka ji ta shige ciki ba tare da ka sa ƙarfi ba. Juya ta ka dubi ƙarƙashin hannayen: tsohon ɓawo yana da baƙaƙen tabo da ƙarce-ƙarce, wani lokaci har da ƙananan halittun ruwa da suka manne a jiki, sabo kuma fes yake, launinsa yana haske. Sannan ka ji nauyinta a tafin hannu. Biyu masu girma ɗaya, mai tsohon ɓawo ta fi nauyi, kuma in ka girgiza sabuwar a hankali kana iya jin ruwa yana motsi a hannunta.

Bayan ɓawo sai kuzari. Lafiyayya in ka ɗaga ta takan buɗe hannaye sama, ta rika kaɗa wutsiya da ƙarfi. Wadda hannayenta suka rataya, wutsiya ta saki, ta riga ta kama hanyar mutuwa, kuma wurinta tukunya ce a ranar. Dubi cikin wutsiya ta ƙasa, inda fatar take da laushi, ko an huda ta. Jinin lobsta ba shi da launi, don haka tana iya zubar da shi har ta mutu ba wanda ya lura. Dubi dogayen gashin bakinta kuma: in sun gutsuttsure, ko ɓawon ya yi gansakuka, alama ce ta daɗe a wurin ajiya cikin cunkoso, kuma mai yiwuwa ta rame.

Manyan masu fitar da kaya waje ba sa tsayawa a kan yatsa. Suna zuƙo ɗigon jini da sirinji, su ɗiga a kan wani ɗan ma'auni na hannu da ke nuna kaurin furotin ɗin jinin a ma'aunin Brix. Jinin da ruwan saɓa ya tsinka yana ba da lamba ƙasa-ƙasa. A Kanada galibi ana ɗaukar 8 a matsayin iyaka: abin da ya kai haka ko ya wuce zai jure ajiya da doguwar tafiya, abin da ya gaza kuma a hanzarta rabuwa da shi. Ma'aunin ba shi da tsada, kuma duk mai sayen kaya da yawa da bai mallake shi ba yana caca da uwar kuɗinsa.

Akwai tarko ɗaya a nan da sababbin shiga suke faɗawa. Lobstar da ta kusa saɓa, wajen Yuni, ita ce mafi cikar nama, jininta ma ya fi kauri, sai mutum ya ga ya samu kayan ajiya. In ta yi saɓa a cikin tanki, 'yan uwanta za su cinye ta, ko ta fito ba ta da rabin darajar da aka saye ta. Kayan Yuni na sayarwa ne da wuri.

Mataki na huɗu: ware girma da nakasa

Wannan ba shi da wuya. Ana ware kaya gida-gida: masu laba ɗaya, masu laba ɗaya da kwata, masu ɗaya da rabi, masu biyu zuwa sama, sai manya ƙwarai daga wajen laba uku. Gidajen abinci na Amurka da Turai sun fi son daga ɗaya da kwata zuwa ɗaya da rabi, domin ita ce daidai farantin mutum ɗaya. Kasuwar Asiya tana biyan manya da kyau saboda liyafa. Yawancin manya ƙwarai daga Kanada suke fitowa, tun da Maine ta hana kama abin da ya wuce inci 5. A yankin tsibirin Prince Edward kuma doka ta yarda da kama waɗanda ba su kai girman na Maine ba, kuma waɗannan ƙananan farashinsu daban ne, ƙasa da na manya, yawanci masana'anta suke tafiya.

Mai hannu ɗaya, ko mai hannu ɗaya babba ɗaya ɗan tsiro, farashinta yana ƙasa ko da namanta lafiya lau ne, domin ba a ɗora ta a faranti gaba ɗayanta. Wadda ta rasa duka biyu ta fi faɗuwa. Mai dafa abincin da zai ɓare nama ya yi miya ko ya cusa a burodi, waɗannan ne ribarsa. A kudu da Maine, wajen jihar Rhode Island, akwai kuma cutar ɓawo da ke bar masa ramuka da baƙaƙen miki. Naman yana ciwuwa, amma ba mai sayenta da rai a farashin kirki.

Mataki na biyar: yi lissafi a kan nama da abin da zai mutu

Farashin laba yana ruɗi. Lobsta mai taurin ɓawo tana ba da nama wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na nauyinta, sabuwar saɓa kuwa takan sauka zuwa 15 ko ƙasa. Mu ɗauki misali da lambobin da muka zaɓa don sauƙin lissafi. Ka sayi laba 100 mai tauri a dala 8, ka biya 800, ka samu nama laba 24: kowace labar nama ta tsaya maka a dala 33 da 'yan kai. Ka sayi laba 100 mai taushi a dala 5, ka biya 500, ka samu laba 15: nan ma dala 33 da 'yan kai. Arahar da ka gani ruwan teku ce ka biya kuɗinsa. Kafin mai taushi ta zama riba, sai tazarar farashin ta wuce tazarar naman.

Sai mace-mace. In ka sayi laba 1,000 a dala 6, kashi 10 cikin 100 suka mutu kafin ka sayar, dala 6,000 ɗinka yanzu tana kan laba 900, wato kowace laba ta koma 6.67, ba a ma sa kuɗin mota da wutar tanki ba. Mai tauri da aka shirya da kyau, cikin sanyi da danshi, tana iya kwana ɗaya da rabi zuwa biyu ba ruwa. Mai taushi sau da yawa ba ta kai kwana guda. Bambancinsu kamar na albasa da tumatir ne: mai albasa yana iya jira ko ya kai kasuwa mai nisa, mai tumatir kuwa abin da aka taya a yau shi ne kuɗinsa. Dalilin da ya sa kaso mai yawa na kamun Maine na watannin zafi yake hawa mota ya tsallaka zuwa masana'antun New Brunswick ke nan, a daskarar da wutsiya, a dafa naman hannu a ƙulla. A watannin nan farashin bakin ruwa yana bin abin da masana'anta za ta iya ɗauka a rana da kuma yawan daskararren kayan da ya yi kwantai tun bara. Abin da ya faru a 2022 yana da alaƙa da wannan: an sayi kaya da tsada a 2021, hauhawar farashin kayan masarufi ta sa mutane suka ja baya daga abinci mai tsada, masu sarrafawa suka rage saye.

Kada a ɗauka sabon ɓawo kayan banza ne. Namansa ya fi laushi da ɗan zaƙi, ana ɓare shi da hannu, kuma mutanen Maine da baƙin da ke cika gaɓarsu a Yuli da Agusta da yawa sun fi son sa. Bayan faɗuwar 2012 jihar ta kafa hukumar tallata lobsta a 2013, wadda ta dage wajen nuna wa masu dafa abinci wannan daɗin. Ga wanda ke kusa da teku, zai dafa a ranar, saye ne mai kyau. Nisa ne yake kashe shi.

Mataki na shida: kare ingancin daga tarko zuwa tanki

A nan ne masunci yake da iko a kan farashinsa, kuma a nan ne aka fi sakaci. Lobsta mai daraja ta ɗaya tana iya zama ta masana'anta cikin minti guda a hannun mai gaggawa. A ciro ta daga tarko ɗaya bayan ɗaya, ta jiki, kada a fizge ta ta hannu, domin in ta ji an riƙe hannun takan saki shi ya cire. A sa mata roba a hannaye nan take don kada su ciji juna. A ajiye ta, kada a jefa. A jera su a akwati suna fuskantar gefe ɗaya, kada a danna fiye da abin da akwatin zai ɗauka. Akwatin Maine na laba 90 ne. A jirgi a sa su cikin tanki mai ruwan teku mai gudana, a kare su daga rana da iska. Ruwan daɗi yana kashe su, saboda haka ruwan sama da narkakkiyar ƙanƙara abokan gaba ne, kuma ba a ɗora su kai tsaye a kan ƙanƙara.

Wanda zai ajiye kaya don jiran tsadar Maris yana da hanya biyu. Tsohuwar ita ce a datse wani lungun teku a zuba su, ruwa yana shiga yana fita da kansa. Tana da sauƙin kuɗi, amma cunkoso da faɗa da cuta suna cin kaso. Sabuwar ita ce gini mai tankuna, ruwa a sanyaye wajen digiri 2 zuwa 4, kowace lobsta a ɗan ɗakinta, sanyi ya kwantar da ita ta rage motsi da buƙatar abinci, ta yi watanni. Kamfanin Clearwater ya taɓa gudanar da irin wannan a Arichat ta Nova Scotia. Kowace hanya aka bi, mai taurin ɓawo da kaurin jini kaɗai ake ajiyewa. Kafin a sa su jirgin sama kuma a bar su kwanaki a ruwa mai tsabta ba ci, cikinsu ya wanke, don kada ƙazantarsu ta kashe su a cikin kwali. Ana jera su a tsaye, hannaye sama, da ƙullin sanyi a kai.

Ajiya ciniki ne mai haɗari. Kana saye a Disamba da fatan tazarar Maris za ta biya wuta da ma'aikata da waɗanda suka mutu. In sanyin shekarar bai yi tsanani ba, jirage suka ci gaba da fita, tazarar ba za ta zo ba.

Mataki na bakwai: saurari labarin ƙasashen da ke saye

Duk abin da ya gabata yana iya tafiya daidai, sanarwa ɗaya daga wata gwamnati ta rushe shi. A 2017 yarjejeniyar ciniki tsakanin Kanada da Tarayyar Turai ta cire harajin kashi 8 cikin 100 a kan lobsta mai rai ta Kanada, kayan Amurka suka rasa kasuwa a can har sai da aka cire musu nasu a 2020. A Yulin 2018 Sin ta ɗora ƙarin harajin kashi 25 a kan lobstar Amurka, cinikin ya koma hannun 'yan Kanada, jiragen dakon kaya suka rika tashi daga Halifax ta Nova Scotia. A farkon 2020 annobar korona ta rufe kasuwar Sin daidai lokacin bikin sabuwar shekara, kaya suka maƙale a tankuna. A Maris 2025 kuma Sin ta ɗora wa kayan tekun Kanada kashi 25. Masuntan Ostireliya, masu kama wani iri marar manyan hannaye, sun ga mafi muni: kusan duk kayansu Sin suke tafiya, aka rufe musu ƙofa daga ƙarshen 2020 har zuwa ƙarshen 2024.

Abin lura shi ne irin wannan bugu ya fi faɗawa a kan kaya masu kyau, domin su ne masu tafiya nesa. In hanyar waje ta toshe, mai tauri takan dawo kasuwar gida ta danne mai taushi, kowa ya ji a jikinsa. Ka kuma sa ido a kan canjin kuɗi. Farashin Nova Scotia da dalar Kanada ake faɗinsa, na Maine da ta Amurka, kuma duk lokacin da ta Kanada ta yi rauni kayansu suna yi wa mai saye na waje araha.

Mataki na takwas: cire kuɗin fita kafin ka kira shi farashi mai kyau

A 2016 Maine ta kama laba miliyan 132, mafi yawa a tarihinta. Zuwa 2024 kamun ya sauka wajen miliyan 86, farashi kuma ya hau dala 6.14. Lambar ta yi kyau a takarda, amma jirgi ba ya fita kyauta. Koto ya yi tsada tun da aka zaftare adadin kifin herin da aka yarda a kama a 2019, ga man jirgi, ga kason yaron jirgi da ake cirewa daga cinikin rana, ga tarkon da guguwa ke ɗaukewa. A watannin sanyi kuma sai an bi lobsta can cikin zurfi, tafiyar sa'o'i, don haka tsadar Maris ba ta kowa ba ce. Masu manyan jirage ne ke cin ta. Lissafin da ya dace shi ne na rana guda: laba nawa aka kamo, sau farashi, a cire koto da mai da kason ma'aikaci. Ranar Agusta mai kaya jingim a farashi ƙasa tana iya fin ranar Fabrairu mai tsada barin kuɗi a aljihu.

Masunci ba shi da bakin yanka farashi, kuma sau da yawa sai ya dawo tasha yake jin na ranar. Haɗa baki a ƙi fita don tilasta ƙari ma yana da hatsarin shari'a a Amurka: bayan masuntan Maine sun ɗaure jirage a 1957, gwamnatin tarayya ta gurfanar da ƙungiyarsu da laifin haɗa kai wajen ƙayyade farashi. Abin da ya rage masa shi ne zaɓen wanda zai sayar wa. Ƙungiyoyin gama-kai, irin na Stonington da Vinalhaven a Maine, suna biyan farashin rana, sannan a ƙarshen shekara su raba ribar da ta taru bisa yawan labar da kowa ya kawo. Dila mai zaman kansa yana iya ba da ɗan ƙari a yau, ko ya haɗa maka da koto da mai a tasharsa. In za ka kwatanta su, haɗa farashin rana da rabon ƙarshen shekara da kuɗin koton da kowanne ke sayar maka. Ka kuma tambaya ko yana ware mai tauri da mai taushi ya biya kowanne kuɗinsa, ko kuwa farashi ɗaya yake yi wa akwati duka. Inda ake biyan kuɗi ɗaya, mai kula da kayansa ne yake ɗauke wa mai sakaci asara, kuma a irin wannan tasha ya fi kyau ka ware naka tun a jirgi ka nemi mai sayen da zai auna su daban.